Miyar Taushe a Zauren Tukur

"Malam! Me kake zuba wa awakin nan?"

Tukur ya daskare a bayan rumbu da kwano a hannu. Hasken fitilar wayar Indo ya sauka a kan komin awaki. Ga malmalar tuwon masara nan kwance cikin miyar kuka, uwar garken har ta tsoma baki.

"Ɗan saura ne," in ji shi, yana ƙoƙarin ɓoye kwanon a bayan riga.

"Saura?" Ta matso ta fizge kwanon. "Wannan ne saura? Ko gefe ba a gutsura ba! Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Tun yaushe awaki ke cin girkina, kai kuma kana miƙo mini kwano wayam kana cewa an gode? Shi ya sa akuyar nan take ta sheƙi, ni ina zaton harawa ce ta karɓe ta!"

Tukur ya sosa ƙeya. Sun daɗe tare da matar nan tasa, ya san wannan muryar ba a tsallake ta da wasa.

A layinsu na Nasarawan Doya, kowace magariba magidanta kan fito da abincin gidajensu zuwa zauren Tukur, a jera kwanuka a kan tabarma, in an idar da salla a zauna a yi ciyayya. Kowane kwano da faifansa ake gane shi. Mata ba sa leƙa zauren, amma kwano in ya dawo shi ke ba su labari. Na Indo mai jan faifai, tun tana amarya a suɗe yake dawowa, har matan layin suna tsokanarta wai ita ba ta san wahalar wanke-wanke ba.

"Kin san bakin mutane," in ji Tukur a hankali. "Yanzu na gidan Bilya ake fara buɗewa. Kafin a iso kan naki, ciki ya ɗauka."

Gidan Bilya. Wato girkin Farida, ƙanwar Indo uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta goya bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta koya mata hura wuta da kaɗa miya, ta aurar da ita ga maƙwabcinsu bayan ƙaramar salla. Ko kwanukan da Farida ke zuba abinci a ciki, Indo ce ta raba nata gida biyu ta ba ta rabi.



"Tunda maganar ta taso," Tukur ya ci gaba, idonsa a kan akuya, "kin san ranar Asabar za a yi mini gayyar yankan shinkafa a fadama. Malam Yahya ya kawo shawara, wai ko Farida za ta yi miyar mutanen gayya. Ke sai ki tsaya kan tuwo."

"Ni in riƙe muciya, ita ta riƙe ludayi? A gidana? A gayyar mijina?"

"Ai duk ɗaya ne, ƙanwarki ce."

"Ba ɗaya ba ne! Wa ya taɓa tashi daga gayya yana yabon tuwo? Miya ake tambaya ta wace ce. Kana so matan garin nan su tsaya a bakin rijiya suna cewa hannun Indo ya mutu?" Ta dire kwanon a kan turmi. "Ka ba ni gobe. Gobe Alhamis. In kwanona ya dawo da ko loma ɗaya, ka ɗauki ludayina da hannunka ka kai mata."

"To, na ji," in ji Tukur, ya yi saurin shigewa ɗaki kafin ta ƙara wani sharaɗin.

Washegari da hantsi Indo ta fasa kabewar da take ta ajiya a kan rufin madafi. Tana cikin ferewa sai ƙaramar ƙofar da ke jikin katangar tsakanin gidajen biyu ta buɗe, Farida ta shigo da rariya a hannu, tana sallama.

"Yaya, ina kwana? An tashi lafiya? Ya gajiyar jiya?"

"Lafiya lau."

"Ya Baban Bilki?" Haka take kiran Tukur. "Jiya kamar na ji muryarku wajen rumbu."

"Akuya ce ta tsinke."

Farida ta jawo kujera ta zauna, ta ɗauki wuƙa ta fara taya ta ferewa ba tare da an sa ta ba. "Kai, kabewar nan ta nuna. Ji jan cikinta. Taushe za ki yi ke nan?"

"In Allah ya yarda."

"Da tuwon shinkafa ko na masara?"

"Shinkafa."

"To ni ma shi zan yi yau. Ina da rabin kabewa, ga yakuwa ta yi yawa a bayan ɗaki."

Wuƙar Indo ta tsaya. Miyar duniyar nan duka, kuka, kuɓewa, karkashi, zogale, sai wadda ta zaɓa? Lalle yarinyar nan ta ji maganar jiya, so take a jera kwano biyu iri ɗaya a gaban maza a ga wadda ta fi. Ta yi murmushin da bai wuce leɓe ba.

"Ke da ake ta yabo a zaure, me kike sa wa miyar taki ne?"

"Ni? Wallahi abin da kika koya mini ne, Yaya. Sai dai daddawa nakan ɗan gasa ta a bakin wuta kafin in daka, kuma ba na cika ta. In tumatir ya yi tsami in jefa ɗan gutsuren mazarƙwaila, maigidana ne ya sayo mini a Makarfi. Gyaɗa kuma sai miya ta kusa sauka nake zubawa."

"Mazarƙwaila a miya! Kunu kike damawa ko miya?"

Farida ta tuntsire da dariya. "Ɗan mitsitsi ne fa. Ki gwada ki gani."

"Ni na girmi gwaji."

"Da irin kwanon nan mai furanni za ki zuba, ko?"

"Da wane zan zuba da? Kin ga na sayi sabo ne?"

Farida ta ajiye rariyar da ta aro, ta koma gida. Indo ta bi bayanta da kallo, ta ja tsaki.

Ranar nan Indo ta yi girki kamar za a kai gidan biki. Ta sa Tukur ya samo mata tantaƙwashi da ɓargo tun da safe, ta dafa har naman ya saki ƙashi. Ta daka gyaɗa ta yi laushi, ta wanke yakuwa da ruwan zafi don tsamin ya ragu, ta kawo man shanun da wata Bafulatana ta kawo mata daga Kurmin Kogi ta soya da albasa. Da ta ɗanɗana, ita kanta sai da ta lumshe ido. Hankalinta ya kwanta.

Bai daɗe a kwance ba. Ana kiran la'asar iska ta kaɗo ƙamshi daga bayan katanga, ya ratsa tsakar gidan ya danne nata. Indo ta shaƙa, ta sake shaƙa. Ta ɗauki ƙoƙo ta nufi ƙaramar ƙofa.

"Farida, ɗan sam mini kanwa."

"Tana cikin gwangwani a madafi, Yaya, ɗauki. Bari in yi salla, na riga na yi alwala."

Farida ta shige ɗaki. Indo ta tsaya ita kaɗai a gaban murhu. Tukunyar tana ɓararraka a hankali, mai ya taso sama ja wur. Ta ce a ranta ɗanɗanawa kawai za ta yi. Ta ɗaga ludayi ta ɗiga a tafin hannu ta lasa.

Da ma ba ta lasa ba. Miyar ta yi daɗin da ya ba ta haushi, babu tantaƙwashi, babu man shanu, busasshen kifi ne kawai, amma komai ya zauna daidai. Ta hango matan gayya ranar Asabar sun kewaye Farida suna tambaya, ita kuma tana can gefe da muciya, gumi na zuba.

Robar gishiri tana nan kusa da gwangwanin kanwa. Ta cika hannu ta watsa. Ta sake cikawa ta ƙara. Ta juya da ludayi har ya narke, ta rufe tukunyar, ta fita ko kanwar ba ta ɗauka ba.

Kafin magariba Tukur ya ɗauki kwanonta mai jan faifai ya kai zaure. Ta ji Bilya ma ya shigo da nasa, suna gaisawa, sannan aka kira salla suka watse. Indo ta yi tata sallar a gaggauce, ta lallaɓa ta tsaya a jikin bangon zauren ta ciki, inda ake jin komai.

Mazan suka dawo suna hirar ruwan da ya ƙi ɗaukewa da farashin taki. Aka zuba ruwan wanke hannu. Muryar Malam Yahya, dattijon layin, ta fito sama da ta kowa.

"Yau Bilya ya ce a fara da na gidan Tukur. Jawo mai jan faifan nan. A'a, taushe! Bismillah."

Indo ta dafe ƙirji, tana murmushi.

Sai tari. Tari mai ƙarfi, irin na wanda abu ya shaƙe.

"Ruwa! Ku ba ni ruwa! Subhanallahi, Tukur, kashe ni za ku yi? Likita ya hana ni gishiri, ku kuma kun kawo mini buhu guda a kwano!"

"Kai, wannan ko shanu aka ba sai sun nemi rafi," in ji wani.

"Ko dai maigidan ya yi laifi ne jiya, ake hukunta mu gaba ɗaya?"

Dariya ta ɓarke. Indo ta ƙara manna kunne a bango. Gishiri? A miyarta? Ita da ta ɗanɗana da bakinta?

"Ture shi gefe. Miƙo na amarya mu wanke baki."

Ba ka jin komai sai ƙarar hannuwa a kwano.

"Alhamdulillahi," in ji Malam Yahya. "Kun ji miya. Ji man shanu, ji ɓargo. Bilya, yarinyar nan taka Allah ya yi mata albarka. Irin wannan hannun ba koyo ba ne, haihuwarta aka yi da shi."

"Yayar tata a da takan yi kusa da haka," wani ya ƙara, "amma gaskiya ba ta taɓa kai wannan ba."

Ɓargo. Man shanu. Indo ta jingina da bango. Babu ɓargo a tukunyar Farida.

Da Tukur ya shigo, bai bi ta bayan rumbu ba. Ya ajiye kwanon a gabanta da nauyinsa, jan faifan a karkace.

"Ga shi nan. Ke kika yanka sharaɗi, ba ni ba."

Ya wuce. Indo ta ɗaga faifan ta haska. Ga ƙayar kifi tana leƙe a cikin miya. Ta juya kwanon tana neman ɗan tabon da nata ya yi a gindi tun ranar da ya faɗi a bakin rijiya. Babu tabo. Kwanon Farida ne, an rufe shi da faifanta.

Da sassafe, Tukur na fita gona, ta tura ƙaramar ƙofa ba sallama. Farida na tsugune tana kankare tukunya, idanunta sun kumbura. Ba ta gaishe ta ba, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Wa ya sauya faifai?" in ji Indo.

"Ni na sa maigidana. Da mutane suka tafi masallaci ya tsaya kamar yana alwala, ya sauya."

"Saboda me?"

"Saboda na ji ku shekaranjiya. Katangar nan ba ta da kauri." Farida ta ajiye soson ƙarfen. "Na ce tunda nawa suke so kwanan nan, bari a sa shi ƙarƙashin faifanki, kwanonki ya dawo a suɗe, ki yi gayyarki lafiya. Shi ya sa na tambayi abin da za ki dafa. Ni me zan yi da ludayin gayya? Tukunyar mutum hamsin ko ɗaga ta ban iya ba."

"Wato tausayina kika ji."

"Yaya..."

"Ni! Ni da na koya miki bambanta kanwa da gishiri, yau ni kike yi wa sadakar miya a ɓoye?"

"Gishirin ma ai kin nuna mini yadda ake zuba shi jiya." Farida ta ɗago ta dube ta. "Da muka zo cin namu da dare, shi ya tofar, ni na tofar. Babu wanda ya shiga madafin nan sai ke. Kanwar da kika zo nema tana nan yadda take."

Kaza ta zo tana tsattsagar ƙanzon da ya zube a tsakaninsu.

"Ban gaya masa ke ce ba," in ji Farida. "Na ce hannuna ne ya zarce. Kuma jiya da Baban Bilki ya aiko a ce mini ni zan yi miyar gayya, na ce a ba shi haƙuri, ba zan karɓi ludayin yayata ba ko za a yanka ni."

Wannan ya fi gishirin zafi. Da zagi ta yi, da Indo ta san yadda za ta rama.

"Miyata suka ci," ta ce, kamar da kanta take magana. "Tawa ce suka suɗe, suna sa miki albarka. Har da wai ban taɓa kai haka ba."

"To ki faɗa musu! Ki gaya wa Baban Bilki an sauya faifai, shi ma zai ba da shaida. Mai daɗin taki ce, mai gishirin tawa ce, magana ta ƙare. Ni amarya ce, in na zarce gishiri dariya kawai za a yi."

"Ki ɗauki laifin, ki ƙara zama ta kirki, ni in ƙara zama..." Indo ta kau da kai.

"To me kike so in yi, Yaya? In na dafa da daɗi laifi, in na ɓoye laifi, in na ba ki laifi. So kike in riƙa ƙona miya don ki samu barci?"

Indo ta juya ta koma gidanta.

Ta wuni tana kaiwa da komowa. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Ta fito da manyan tukwanen gayya daga ɗakin ajiya ta wanke, ta kife, ta tsaya tana kallonsu. Kalma ɗaya za ta faɗa wa Tukur ludayi ya dawo hannunta. Amma kalmar a kan bayan Farida za ta hau, kuma duk ranar da suka haɗa ido, Farida ta san abin da ta sani. In kuma ta faɗi gaskiyar duka, har da hannun da ya ɗebi gishiri, da wane ido za ta kalli Tukur?

Bayan an sauko daga Juma'a ta yanke shawara. Za ta faɗa masa an sauya faifai, sauran kuma in ya tambaya ta ga abin da bakinta zai iya. Tana jin sallamarsa ta tare shi tun daga bakin zaure.

"Malam, akwai maganar da nake so mu yi a kan miyar gobe."

"An gama wannan," in ji shi, yana cire hula. "Ke kin faɗi a sharaɗinki, ƙanwarki ta ce ba za ta yi ba, ni kuma mutane za su cika mini fadama gobe da yunwa. Tun da safe na buga waya."

"Ka buga wa wa?"

Kafin ya amsa, ƙarar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Aka fara sauke kaya, ƙarfe na bugun ƙarfe. Farida ta leƙo ta ƙaramar ƙofa da tsintsiya a hannu.

"Salamu alaikum, masu gida!"

Wata doguwar mata ta shigo, mayafi a kafaɗa, zoben azurfa a yatsu, ƙamshin turarenta ya riga ta isowa. A hannunta akwai wani dogon ludayi da ya kusa kai tsawon muciya. Ta dubi tukwanen da Indo ta kife, ta taɓe baki kaɗan, sannan ta yi fara'a.

"Ke ce uwargidan? Sannu da gida, ya aiki? Sunana Mukarrama, ni ke sayar da abinci a bakin kasuwar Makarfi. A kwashe waɗannan, na zo da nawa." Ta juya wajen Tukur tana dariya. "Tukur, ba ka ce mini gidan da faɗi haka ba."

Tukur. Ba Malam, ba Alhaji. Indo ta dubi mijinta, shi kuma ya dubi hularsa.

"Kada ki wahalar da kanki yi mini bayani," in ji matar, tana naɗe hannun riga. "Na san bakinsa sarai. Ba ya son daddawa ko kaɗan, yaji kuma a gefe ake ajiye masa. Duk ranar kasuwa haka nake zuba masa. Ina murhu?"

Farida ta ƙaraso ta tsaya kusa da yayarta, kafaɗa da kafaɗa. Indo ba ta matsa ba.

"Duk ranar kasuwa?" in ji ta.